Ranar da Mikiya Ya Fita Babu Inna

Ni tela ne, kuma shekara ashirin da biyu ke nan shagona yana kallon ƙofar gidan Mikiya. Saboda haka duk wanda ya ce ya fi ni sanin labarin nan, kada ka saurare shi. Ban da haka ma, ina cikin motar a ranar.

Sunan Mikiya shi ya raɗa wa kansa, babu wanda ya ba shi. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara arba'in a kan hanya, kuma ba ya barin kowa ya manta. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, yana wanke ta safe da yamma kamar jaririya. In ya gama ya jawo benci bakin shagona ya buɗe baki.

"Ido Huɗu," haka yake kirana saboda tabarau ɗina, "ka san ni daga kan gada nake karanta lambar motar da ke ƙasan tudu? Shekara arba'in, ko kaza ban taɓa takawa ba. Kai kuwa allura ma sai da gilashi kake ganinta. Tabarau aikin ragwaye ne."

Yana faɗa yana kallon rigar da na rataye a bango, ni kuwa ina can gefe a kan keken ɗinki. Ban taɓa gyara masa ba. Mutumin da ya girme ka da shekara goma, ka ce masa da riga yake hira?

A wajen Mikiya, duniya ce ta lalace, idonsa yana nan garau. Gilashin motocin yanzu da dishi-dishi ake ƙera su. Rana ta ƙara haske fiye da ta da. Masu rubuta allunan hanya sun zama marowata, fenti suke tsumi, shi ya sa rubutun ya ƙanƙance. Babbar matsalarsa kuwa, in ji shi, ita ce matarsa, wadda duk layinmu muke kira Inna. Ba ya fita da mota sai tana gefensa, kuma daga tayar da inji har kashe shi bakinta ba ya rufuwa. Daga shago nake jiyo ta.

"Oh, Malam, ji maƙwabci ya sake barin gangar ruwansa a bayanmu."

"Kai, akuyar nan ta hannun hagu ta yi ƙiba."

"Ramin nan na gabanmu har yanzu ba su cike shi ba."

In sun dawo kuma, suna zuwa daidai shagona za ta leƙo ta taga ta ɗaga murya: "Sannu da aiki, tela!" Ni kuma in amsa da fara'a, motar ta karya kwana ta shige gida. Ba na ɓoyewa, gaisuwar nan tana yi mini daɗi. Har nakan gaya wa matata cewa a layin nan Inna kaɗai ta san darajar mai sana'a.

Rigimar ta taso ne ranar da autarsu, wadda take aikin jinya a asibiti, ta raka su kasuwa. Ta dawo daga cikin rumfuna ta tarar da mahaifinta yana kokawa da ƙofar motar wani, yana zagin makulli, mai motar yana tsaye a bayansa ya riƙe ƙugu. Da suka dawo gida Auta ta zare makullin daga jikin mota ta jefa a jakarta. A bakin shagona aka yi shari'ar.

"Baba, yanar ido ce ta rufe maka gani. Ranar Litinin za mu je a duba."

"Ni? Mikiya? Ke da aka haifa jiya? Ba ni makullina."

"Motar can fara ce, Baba. Taka ruwan toka ce."

"Rana ce ta haske ta. Kuma surutun uwarki ne yake raba mini hankali. Ki cire ta daga motar nan kwana ɗaya, ki ga tuƙi irin na da."

"To, shi ke nan. Gobe da safe Kawu zai sauka a tasha. Ka je ka ɗauko shi kai kaɗai, ka dawo da shi ƙofar gidan nan lafiya. In ka yi, ga makullinka, kuma ba zan ƙara ambaton asibiti ba. In ba ka yi ba, makulli ya zama nawa."

"Ki tara jama'a," in ji Mikiya. "A kawo kujeru."

Kawun nan yayan Inna ne. Na san shi sarai, don duk zuwan da zai yi sai ya kawo mini ɗinki. Inna kuwa ta matso kusa da mijinta. Ta ce a hankali, "Malam, da dai na raka ka."

"Ke ce ma ake gudu," ya ce.

Sai aka ce ana buƙatar shaida, kuma duk idanu suka juyo kaina. Na ce ina da ɗinki. Auta ta ja ni gefe ta ce, "Baba tela, ka taimaka. Ka zauna a baya, amma kada ka ce uffan. In ka yi ko tari, zai ce kai ka ruɗa shi, mu koma farko." Na yi alkawari, kuma wannan ita ce wauta mafi girma da na yi tun da na fara riƙe almakashi.

Washegari na kulle shago na shiga kujerar baya. Rabin layin sun fito. Mikiya ya wanke gilashin gaba sau uku, yana ƙorafin har yanzu bai fita ba. Ya shiga, ya gyara madubi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya sa ribas. Motar ta yi baya taku huɗu, sai muka ji ƙwaram. Gangar ruwan maƙwabci ta kife, ruwa ya malale har cikin takalman 'yan kallo.

"Na daɗe ina so in koya wa gangar nan hankali," in ji Mikiya. "Ba a fara lissafi ba sai mun hau titi."

Auta ta ce ta yafe wannan. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Abu ɗaya ya cece mu: gudun da yake yi. Mai tura baro ya wuce mu. Wata tsohuwa da sanda ta jera da mu na ɗan lokaci, sannan ita ma ta gaji da jira ta yi gaba. Mikiya ya ce ƙwararre ba ya gaggawa. Ya hango inuwar falwaya a kwance a titi, ya kauce mata da gwaninta har yana cije leɓe, ya faɗa cikin ramin gaske da ke gefenta. Kaina ya daki rufin mota, tabarau ɗina ya koma kan haɓa.

"Wannan ramin sabo ne," ya ce. "Jiya babu shi."

Ramin nan ya girmi jikata ta fari. Kuma shi ne wanda Inna take ambata kullum. A nan wani abu ya fara ɗarsuwa a raina, amma na yi alkawari, sai na haɗiye.

Da muka iso mahaɗa, Mikiya ya taka birki ya tsaya cak. A bakin wani shagon tufafi an ajiye gunkin nan da ake sa wa riga don talla, hannunsa ɗaya a sama. Mikiya ya sauke gilashi, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ga takardu."

Gunki bai ce komai ba.

"Ka gani ko, Ido Huɗu? Na kirki ke nan. Ba ya surutu, aikinsa yake yi."

Motoci suka yi layi a bayanmu, ham ta ko'ina. Mikiya ya leƙa ya ce musu su bi doka, jami'i bai sauke hannu ba. Mun kai minti biyar a haka kafin mai shagon ta fito tana goge hawayen dariya.

"Baba, wannan ba zai sauke hannu ba sai dai ka sayi rigar."

Mikiya ya mayar da takardunsa aljihu. "Na sani. Gwada ki nake yi in ga ko kina kula da kayanki."

Muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba sai ga ɗan sandan hanya na gaske, mai rai da numfashi, ya ɗaga hannu don 'yan kasuwa su tsallaka. Mikiya ya yi murmushi.

"Sau ɗaya ake yi mini."

Ya wuce shi a hankali, har da yi masa gwalo. Ɗan sanda ya busa usur. Mikiya ya ce ashe har ƙara suke sa musu yanzu.

Ina ta addu'a a zuci har muka isa tasha. Da isarmu na hango Kawu can gaba, dogo, da farar riga wadda ni na ɗinka da hannuna, da baƙar jaka, yana ɗago mana hannu. Amma taku goma kafin shi akwai wani bawan Allah, shi ma da farar riga da baƙar jaka, ya ɗaure haɓarsa da tawul, kuncinsa ya kumbura suntum. Da gani ciwon haƙori ne ya hana shi sakat, kuma tasi yake nema. Ya ɗaga hannu. Mikiya ya tsaya a gabansa ya buɗe ƙofar gaba.

"Yaya, sannu da hanya. Shigo, shigo. Tun daga bakin tasha na gane ka."

Mutumin ya shigo ya zauna, ya ce, "Mmmm."

Kawu na gaske ya biyo mu yana kiran suna, jaka tana dukan ƙafarsa. Mikiya ya ɗage gilashi ya ce 'yan kamashon tashar nan ba su da kunya. Ni kuwa na cusa hular kaina a baki.

"Yaya iyali?"

"Mmmm."

"Madalla. Kai dai tun da can ba ka da yawan magana. Ban san inda ƙanwarka ta samo nata bakin ba. Ka ga yau da babu ita, ko ƙuda ban taɓa ba."

Mutumin ya zaro wata takarda mai hoton haƙori, ya miƙa ta gaban fuskar Mikiya yana nuna hanyar dama.

"Haba Yaya, ajiye tsarabar sai mun je gida."

Muka yi hagu. Mutumin ya juyo ya dube ni da idanu jajaye. Na ɗaga masa kafaɗa. Wallahi na ji tausayinsa, amma ni ma a hannu nake.

A hanyar dawowa ɗan sandan ya gane motar tun daga nesa. Wannan karon tsakiyar titi ya shigo, ya ɗaga hannu biyu. Mikiya ya rage gudu, ya zagaye shi tsaf kamar mai zagaye turmi, yana girgiza kai.

"Ka ga masu shagon nan, Yaya? Har tsakiyar hanya suke ajiye gumaka. Wata rana sai sun jawo haɗari."

Da muka zo daidai gunkin kuma, sai ya cire masa hula, wai ko da an canja. Na waiga, na ga ɗan sanda ya haye babur.

Muka shigo layinmu. Jama'a sun ninka, har da waɗanda ba 'yan layin ba. Ga Auta tsaye, ga Inna a bakin ƙofa, ga ƙofar gida a buɗe wangame. Mikiya ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga irin ta manyan direbobi, ya zo daidai gidansa, ya wuce.

Mutane suka ɗaga hannu suna kira. Ya leƙa ya ce, "Ba haya ba ce."

Muka kai ƙarshen layi, muka zagayo ta baya, ɗan sanda yana biye da mu a kan babur yana busa usur, ƙafafunsa suna jan ƙasa saboda rashin gudu. Muka sake shigowa. Muka sake wucewa. Wannan karon wasu sun zauna a ƙasa don dariya. Mai haƙori ya fara buga gaban mota da tafin hannu.

"Haƙuri, Yaya, mun kusa," in ji Mikiya, amma muryarsa ta sauya. Na ga gumi yana bin bayan wuyansa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Layin nan ya ƙara tsawo. Kuma duk sun yi wa ƙofofinsu fenti iri ɗaya."

A zagaye na uku, muna zuwa daidai shagona da ke kulle, sai na ji wata murya da na sani ta ratsa hayaniyar.

"Sannu da aiki, tela!"

Inna ce, daga bakin ƙofa. Kafin in gama mamaki, hannun Mikiya ya murza sitiyari da kansa, motar ta karya kwana ta shige gida, ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum, ko taku ɗaya babu kuskure.

Nan na gane komai, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru ina amsa gaisuwa da fara'a, ashe ni alamar kwana ce.

Mikiya ya fito yana gyara riga, ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba da kansa.

"Ga yayanki nan na kawo miki, ko ƙwarzane babu. Auta, a shaida."

Mai haƙori ya fito yana dafe da kunci. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wannan wane ne?"

"Yayanki mana. Tafiya ce ta rame da shi."

"Kumbura dai ya yi, Baba," in ji Auta.

Ana cikin haka ɗan sanda ya jingine babur ya shigo, sai kuma ga Kawu na gaske ya iso a ƙafa, jaka a ka, rigar da na ɗinka ta jiƙe sharkaf da gumi. Da gudun da muke yi, ashe bai taɓa yin nisa da mu ba.

"Surukin kirki," in ji Kawu yana haki, "ni ne ɗan kamashon da ba shi da kunya."

Mikiya ya dubi farar riga ta dama, ya dubi farar riga ta hagu. "To, laifin tela ne. Shi yake ɗinka wa mutane kaya iri ɗaya."

"Baba," ɗan sanda ya katse shi, "sau biyu ina tsayar da kai. Yatsu nawa na ɗaga yanzu?"

Mikiya ya ƙanƙance ido. "Uku."

"Hannuna yana aljihu, Baba."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a tasha. Mikiya ya buɗe baki zai kawo wani dalilin, sai ya tsaya. Ya juyo wajen da nake tsaye ina gyara tabarau.

"Tsaya. Ido Huɗu, ba a bayana kake zaune ba?"

Auta ta yi mini alamar an sake ni. Na ce, "A bayanka nake, tun safe."

"To wa aka yi wa sannu da aiki?"

Dariya ta lafa. Mikiya ya juya a hankali wajen matarsa.

"Tun yaushe?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Shekara uku da wani abu, Malam. Tun ranar da ka tsaya kana yi wa inuwar bishiya ham."

"Gangar maƙwabci?"

"Ni ce."

"Ramin?"

"Ni ce."

Ya yi ƙoƙarin dariya. "To akuyoyin fa? Kullum akuya ta yi ƙiba, akuya ta rame. Layin nan akuyoyi nawa ne?"

Inna ta ɗago ta dube shi.

"Wasu akuyoyi ne, Malam. Wasu kuma yaran mutane ne. Ban so hankalinka ya tashi ba."

Mikiya ya tsaya yana juya makullin a tafin hannu. Ni da na zo da haushinsa, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Can ya miƙa makullin gaba, ya nufi mai haƙori da shi. Inna ta kama hannunsa a hankali ta karkatar da shi wajen Auta.

"Riƙe," ya ce. "Ki fara kai bawan Allah nan wajen likitan haƙori, ya sha wahalarmu. Litinin kuma ƙarfe nawa?"

"Takwas, Baba."

Ɗan sanda ya zaro littafinsa, ya mayar da shi aljihu bai rubuta komai ba.

An yi masa aikin idon, ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ba shi tabarau wanda ya fi nawa kauri. Ranar da ya fara sa shi ya zagaya motarsa, ya ga lotsawar da ke jikinta ta ko'ina, ya tambayi wane azzalumi ne ya yi masa haka. Yanzu yana gaya wa kowa cewa likita ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin ido irin nasa ba, kuma na yarda likita ya faɗi hakan. Makulli dai bai ƙara tambaya ba. Auta ce take jan motar, shi yana gefenta yana ba ta labarin kowace akuya da kowane rami, Inna tana kujerar baya ta jingina kai ta yi shiru abinta, tana kallon gari kamar baƙuwa.

Jiya sun dawo, suka zo daidai shagona. Na tsayar da keke, na gyara zama, na jira. Motar ta karya kwana ta shige. Sai da na bi su har ƙofa na ce, "Inna, barka da dawowa."

Ta waigo ta ce, "Au, tela, ashe kana nan?"